Daga Kwamfuta Zuwa Binciken Cututtuka: Hanya A Buɗe Take Ga 'Ya'yan 'Yan Kasuwarmu Na Kurmi

Daga Wakilinmu na Arewa

DUK wanda ya san Fatakwal ya san ranar Laraba ba ranar sauri ba ce a kan hanyar Aba. Ran nan ce kasuwar Oil Mill ke ci a Rumukwurushi, kuma tun da asuba motoci kan cushe, 'yan kasuwa daga Aba da Anacha da ƙauyukan Jihar Ribas su haɗu da 'yan'uwanmu mutanen Arewa masu albasa da wake da tumatir da busasshen barkono. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah sun daɗe ƙwarai a Kurmi, a nan suka yi aure, a nan suka haifi 'ya'yansu, kuma da ribar buhun albasa suka yi ta biyan kuɗin makaranta har wasu yaran suka kai jami'a. Haka abin yake a unguwannin Hausawa na Anacha da na Inugu.

Cikin yaran nan akwai waɗanda suka karanta ilmin na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta. Abin da aka saba gani shi ne, wanda ya gama wannan karatu sai ya nemi aikin banki, ko kamfanin waya, ko kamfanin mai, in duk bai samu ba ya buɗe shagon gyaran waya ko na buga takardu. Wannan ba abin raini ba ne. Amma fa akwai wata hanya wadda ba a cika gaya musu ba, ita ce ta shiga binciken cututtuka da yadda jikin mai rai ke aiki, har mutum ya kai ga babban digirin nan na Dakta, wanda 'yan zamani ke kira digirin digirgir. Turawa suna kiran wannan fanni sistem bayoloji, mu kuwa sai mu ce ilmin tsarin halitta. Masu wannan fanni suna neman wanda ya iya lissafi da kwamfuta ruwa a jallo, kuma akwai 'yan Nijeriya da suka riga suka bi wannan hanya suka kai gaci.

MENE NE ILMIN TSARIN HALITTA?

Mai sayar da albasa ya fi kowa saurin gane wannan ilmi, domin kullum cikin irinsa yake. Ya san cewa kuɗin buhu a Oil Mill ba a Oil Mill ake yanke shi ba. Yana rataye da yadda noma ya yi a Aleiro ta Jihar Kebbi, da kuɗin man gas na babbar mota, da lafiyar hanya, da yawan shingayen da direba zai biya kafin ya iso, da kuma ko wasu motoci goma sun riga shi saukewa. A ƙarshen watan Fabrairu na 2021, sa'ad da ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na kimanin mako guda, tumatir ya yi tsada a nan, can Arewa kuwa yana ruɓewa a hannun manoma. A watan Oktoba na 2022 ambaliya ta yanke hanya a wajen Koton Karfe kusa da Lokoja, sai ga layin mai a Abuja. An taɓa wuri ɗaya, ciwon ya fito a wani wuri mai nisa. Wanda ya zauna ya ƙura wa buhu ɗaya ido har shekara ba zai taɓa gane dalilin tashin kuɗinsa ba, sai ya san dukkan hanyar.

To, jikin mutum ma haka yake. An gina shi da wasu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda ake kira sel, kimanin tiriliyan 30. Cikin da yawa daga cikinsu akwai littafin gado da mutum ya samo daga uwa da uba, wanda ake kira DNA. Littafin nan yana ɗauke da ƙwayoyin gado kimanin 20,000 masu ba da umurnin ƙera furotin, su kuwa furotin su ne ma'aikatan jiki: wani ya narkar da abinci, wani ya ɗauki iska cikin jini, wani ya kai saƙo, wani ya tare cuta. Shekara da shekaru masana suna ɗaukar ƙwayar gado ɗaya ko furotin ɗaya su ƙare rayuwarsu a kansa, kuma an ƙaru da wannan ƙwarai. Amma daga baya aka ga cewa cututtuka irin su ciwon sukari da hawan jini da ciwon daji ba laifin ma'aikaci ɗaya ba ne, cinikin da ke tsakanin ɗaruruwansu ne ya rikice. Ilmin tsarin halitta shi ne zana taswirar wannan ciniki, a mai da ita lissafi, a sa cikin kwamfuta, a tambaye ta abin da zai faru in an taɓa nan ko can, sa'an nan a koma ɗakin gwaji a duba ko gaskiya ta faɗa.

ABIN DA YA KAWO KWAMFUTA CIKIN MAGANAR

Yawa ne ya kawo ta. Littafin gadon mutum da haruffa huɗu kawai aka rubuta shi, A da C da G da T, amma jerinsu ya kai biliyan 3, watau miliyan dubu uku. In mutum zai karanta harafi ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya yi shekara 95 kafin ya kai ƙarshe. An fara babban aikin karanta shi a 1990, aka ba da sanarwar kammalawa a 2003. Na'urorin da ke karantawa kuwa ba sa iya ɗaukarsa gaba ɗaya, sai an yayyanka shi gutsu-gutsu, don haka tilas a sami wanda zai harhaɗa gutsattsarin kowane a mazauninsa.

A nan ne wani Ba'amurke mai suna Jim Kent ya yi suna. Shi da ma sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta ce ta zane-zane, ya daɗe yana yi, sa'an nan ya koma makaranta neman digirin Dakta a ilmin halitta a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Kuruz. Yana ɗalibi a shekarar 2000 ya zauna cikin kimanin mako huɗu ya rubuta manhajar da ta harhaɗa gutsattsarin, aka gudanar da ita a kan kwamfutoci 100 irin na kan tebur, aka gama ran 22 ga Yuni, kwana huɗu kafin a sanar da duniya a fadar shugaban Amurka. Kazalika a Japan akwai Hiroaki Kitano, wanda digirinsa na Dakta na kwamfuta ne, kuma yana cikin waɗanda suka ƙera karen nan na mutum-mutumi na kamfanin Sony. Shi ne ya shirya taron duniya na farko kan ilmin tsarin halitta a Tokiyo a 2000, shekarar da Leroy Hood da abokansa suka kafa cibiyar wannan fanni a Siyatil ta Amurka. Har ila yau, lambar yabo ta Nobel ta ilmin haɗa sinadarai ta 2024, rabinta ya tafi ga Demis Hassabis da John Jumper saboda manhajar AlphaFold, wadda ta yi hasashen siffar furotin wajen miliyan 200. Shi Hassabis kwamfuta ya karanta a Kambirij kafin ya juya ga binciken ƙwaƙwalwa.

GADAR DA BA TA DA MADADI

Kada mai karatu ya ce ai duk waɗannan mutanen ƙetare ne. Farfesa Ezekiel Adebiyi lissafi ya karanta a Jami'ar Ilori, ya tafi Jami'ar Tubingen ta Jamus ya sami digirin Dakta a 2002 kan amfani da kwamfuta wajen nazarin halittu, ya dawo gida ya kafa rukunin bincike a Jami'ar Covenant da ke Ota ta Jihar Ogun. Cikin waɗanda suka tashi a hannunsa akwai Segun Fatumo, shi ma ɗan kwamfuta, wanda daga baya ya zama Farfesa a Landan. Aikin da suka yi tare da masana na Haidelbag, wanda aka buga a 2009, shi ne misalin da ya fi dacewa da mu, domin a kan zazzaɓin cizon sauro ne.

Tun 2002 aka gama karanta littafin gadon ƙwayar da ke kawo wannan zazzaɓi, haruffa kimanin miliyan 23, ƙwayoyin gado kimanin 5,300. Daga nan masana suka iya zana hanyoyin da ƙwayar ke bi ta sarrafa abincin da take sata cikin jininmu, ta mai da wannan sinadari wancan, wancan kuma wani, har ta sami abin gina jikinta. Taswirar ta yi kama da ta hanyoyin mota. Direban da ya ɗauko kaya daga Kano zuwa Fatakwal, in an rufe masa Lokoja yana iya bi ta Makurɗi ya faɗo Inugu. Amma wanda ya fito daga Asaba zai shiga Anacha, daga 1965 har zuwa lokacin da aka buɗe gada ta biyu a kan Kwara, gada ɗaya tak gare shi, in ta toshe ya tsaya ke nan.

Abin da su Fatumo suka yi shi ne, suka sa taswirar ƙwayar cikin kwamfuta, suka riƙa rufe hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, kowane karo kwamfutar ta duba ko ƙwayar na da zagaye. Inda ta sami zagaye, ba amfanin kai hari wurin. Inda ba ta da shi, to an sami gada, kuma maganin da ya karya wannan gada zai kashe ta. Sa'an nan suka tace, suka fid da gadojin da jikin mutum ma yake amfani da irinsu, don kada a je kashe ƙwaya a cuci majinyaci. A ƙarshe suka fito da wurare 22 da ya kamata masu haɗa magani su gwada. Wannan bai zama magani ba tukuna, ɗakin gwaji ne zai yanke hukunci, amma ya rage wa masu gwajin ɓata shekaru da kuɗi a kan hanyoyin da ba su ɓullewa.

Bukatar kuwa ba ƙarama ba ce. Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Kulorokwin da iyayenmu suka dogara da shi ya daina ci, har gwamnati ta sauya shi. Maganin da ya maye gurbinsa ma an tabbatar ƙwayar ta fara jure masa a Ruwanda da Uganda. Ashe neman sabuwar gada aiki ne da ba shi da ranar ƙarewa.

EBOLA DA ZAZZAƁIN LASSA

Mutanen Fatakwal ba su manta da 2014 ba. Cutar Ebola ta shigo Ikko ran 20 ga Yuli, ta ɓullo Fatakwal a watan Agusta, ta kama mutum 20 a ƙasar nan ta kashe 8, kafin a ba da sanarwar kawar da ita ran 20 ga Oktoba. A wannan shekara wasu masana, ciki har da Farfesa Christian Happi na Jami'ar Redeemer's, suka karanta littafin gadon ƙwayar sau 99 daga majinyata 78 a ƙasar Saliyo. Ita ƙwayar cuta duk sa'ad da ta hayayyafa takan yi ɗan kuskuren harafi nan da can, 'ya'yanta su gaje shi. Kwamfuta ta jera waɗannan kurakurai ta fitar da salsalar ƙwayoyin, aka ga duk tushensu ɗaya: sau ɗaya cutar ta tsallako daga dabba, daga nan mutum ne ke ba mutum. Biyar daga cikin waɗanda suka yi wannan aiki cutar ta kashe su kafin a buga shi.

A 2018 kuma zazzaɓin Lassa ya yi tashin da ba a taɓa ganin irinsa ba a Nijeriya, aka shiga fargabar ko wata sabuwar ƙwaya ce ta fito mai saurin bin mutane. Cibiyar Farfesa Happi da ke Ede, tare da asibitin Irrua na Jihar Edo, suka yi irin wancan aiki, sai salsalar ta fito dabam: ƙwayoyin ba 'yan gida ɗaya ba ne, yawancin majinyata kowa daga ɓera ya samo tasa. Amsar farko tana cewa a killace majinyaci a bi sawun waɗanda suka taɓa shi. Ta biyu tana cewa a yaƙi ɓera, a rufe abinci. Duk mai rumbun wake ko garin rogo a kasuwa ya san wannan magana ta shafe shi kai tsaye. Ita dai wannan cibiya ce ta fara karanta littafin gadon ƙwayar korona a nahiyar Afirka, a watan Maris na 2020.

RABONMU A CIKI ƊAN KAƊAN NE

A 2022 Farfesa Fatumo da abokansa suka buga wani lissafi da ya kamata ya dame mu. Cikin dukkan mutanen da aka yi manyan binciken gado da cututtuka a kansu, kashi 86 cikin 100 masu asalin Turai ne, 'yan Afirka kuwa kashi 1.1 kacal. Alhali kuwa Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin gado tsakanin mutanenta. A 2020 an karanta littafin gadon mutum 426 daga ƙabilu 50 na Afirka, har da Birom na Jihar Filato, aka sami bambance-bambancen haruffa fiye da miliyan 3 waɗanda ba a taɓa rubuta su ba. Ma'anar wannan ita ce, ma'aunin da ake auna haɗarin cuta da shi, da wasu magungunan ma, a jikin wasu aka gwada su. Tela ya auna wani, ya ɗinka, aka miƙo mana.

Tambayoyin bincike kuwa ga su nan a ƙofar gida. Ciwon sikila, wanda muka fi sani da amosanin jini, canjin harafi ɗaya ne ke kawo shi, kuma an ƙiyasta ana haihuwar yara kimanin 150,000 da shi kowace shekara a Nijeriya. Amma me ya sa wani yaro kullum yana asibiti, wani kuwa mai irin harafin nan ya girma har ya yi iyali? Sauran ma'aikatan jiki ne ke sassautawa ko tsanantawa, kuma gano su aikin taswira ne. Ga baƙin hayaƙin da ya fara sauka kan Fatakwal a ƙarshen 2016. Ga rijiyoyin Ogale ta ƙasar Eleme, nan kusa da Oil Mill, inda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya sami sinadarin benzin ya ninka abin da aka yarda da shi sau 900. Ga ciwon ƙoda da ya addabi Gashuwa. Ga sammore, cutar shanu, wadda marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi bincike a kanta har ya ci lambar kimiyya ta kamfanin gas na Bonny a 2009. Yaron da ke jin Hausa da Ibo da Turancin kasuwa, ya san Kano ya san Kurmi, ya fi baƙo sanin inda zai tambaya da yadda zai tambaya.

YADDA AKE SHIGA

Abu na farko shi ne lissafi. Iya rubuta manhaja kaɗai ba ya wadatarwa, sai an haɗa da ilmin ƙididdiga, da lissafin yadda abu ke canzawa da lokaci, da lissafin taswirar hanyoyi. Harsunan kwamfuta da aka fi aiki da su a fannin su ne Python da R, bisa tsarin Linux, kuma duk kyauta ne. Na biyu, a nemi littafin ilmin halitta na ajin farko na jami'a a karance shi tun daga bango, ba tare da jin kunya ba. Na uku, a yi wani ɗan aiki da hannu. Rumbun GenBank, wanda aka kafa a 1982, a buɗe yake ga kowa ta intanet, da littattafan gadon dubban halittu a ciki. Ɗalibi na iya ɗauko wani bincike da aka riga aka buga, ya sauko da bayanansa, ya sake lissafin ya gani ko zai sami amsa iri ɗaya. Malamin da ake nema ya karɓi mutum ya fi son ganin irin wannan a kan doguwar wasiƙar yabon kai.

A jami'o'in Nijeriya sai an yi digiri na biyu kafin na Dakta, shi kuma aƙalla shekara 3 ne. Jami'ar Covenant da ta Redeemer's suna cikin waɗanda Bankin Duniya ya tallafa wa da cibiyoyin ƙwarewa a wannan ɓangare, haka Jami'ar Ahmadu Bello tana da ta cututtukan ƙasashe masu zafi, Jami'ar Fatakwal kuma tana da ta lafiyar jama'a da binciken guba. A Damaturu, Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafa cibiyar binciken lafiya a Jami'ar Jihar Yobe a 2021. A maƙwabta akwai cibiyar WACCBIP ta Jami'ar Gana, da cibiyar nazarin halittu da kwamfuta ta Bamako a Mali, can kudu kuma ga Jami'ar Kef Tawun, inda Farfesa Nicola Mulder ta shugabanci shirin H3ABioNet wanda aka fara a 2012, ya horar da ɗalibai masu yawa a ƙasashen Afirka, har da Nijeriya. Wannan ya nuna fannin ba na maza kaɗai ba ne.

A ƙetare tsari biyu ne. A Amurka ana iya shiga da digiri na farko, a yi shekara 5 ko 6, kuma a shekarar farko yawanci ɗalibi kan zagaya ɗakunan bincike biyu ko uku kafin ya zaɓi malami. A Turai shekara 3 ko 4 ne, yawanci bayan digiri na biyu, kuma tun farko an san aikin da malamin. Cibiyar EMBL da ke Haidelbag tana karɓar ɗalibai daga kowace ƙasa, har da 'yan kwamfuta da lissafi. Akwai kuma tallafin DAAD na Jamus da na ƙasashe renon Ingila. Abin da ya kamata iyaye su sani shi ne, a manyan wuraren nan ɗalibin Dakta na kimiyya yawanci ba ya biyan kuɗin makaranta, shi ake ba alawus. Saboda haka duk dillalin da ya zo yana neman miliyoyi wai zai sayo wa yaro gurbin Dakta, a yi hattara da shi.

INDA GIZO KE SAƘAR

Babban abin da ke kayar da ɗan kwamfuta a wannan fanni shi ne girman kai. Ya saba da na'urar da in ka ba ta umurni ɗaya sau dubu za ta ba ka amsa ɗaya sau dubu. Mai rai ba haka yake ba. Sel biyu 'yan uwa ɗaya, cikin kwano ɗaya, sai a ba su magani ɗaya kowane ya yi nasa hali. Sa'an nan yawan bayanai na da tarkonsa. In aka gwada ƙwayoyin gado 20,000 da ma'aunin da aka saba, wanda ke yafe kuskure 5 cikin 100, to wajen 1,000 za su fito kamar suna da hannu a cuta, ko da kuwa ba ko ɗaya mai hannu. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta murna ya gano abin da babu. Har ƙananan abubuwa na yin ɓarna: a 2016 an gano kusan kashi ɗaya cikin biyar na rahotannin da aka duba, masu jerin sunayen ƙwayoyin gado cikin manhajar Excel, suna da kuskure, domin manhajar kan ga suna kamar SEPT2 ta mai da shi 2 ga Satumba. Sai da aka canza wa waɗannan ƙwayoyi suna a 2020.

Maganin wannan sananne ne a kasuwa. Ba wanda ke zama dillalin shanu don ya iya ƙirga kuɗi, sai ya yi shekaru a bayan ubangida yana koyon duban haƙori da kofato. Haka ɗan kwamfuta zai shiga ɗakin gwaji ya zama yaro, ya wanke kwalabe, ya ga yadda ake ɗibar jini da yadda samfuri ke lalacewa in wuta ta ɗauke, don ya san daga ina lambobin da ke gabansa suka fito. Shi ya sa masu hankali kan nemi malamai biyu, ɗaya na lissafi ɗaya na ɗakin gwaji, kuma kafin su amsa sukan bincika halin malamin wajen tsofaffin ɗalibansa, domin zaman shekara huɗu da mutum ba wasa ba ne. Tun 1960 aka ga amfanin wannan haɗi, sa'ad da Denis Noble, ɗalibin ilmin jiki a Landan, ya koyi lissafi ya roƙi aron kwamfutar jami'a da tsakar dare, ya fitar da lissafin farko na bugun zuciya. Shi daga jiki ya je ga na'ura, namu daga na'ura za su je ga jiki, amma kowa sai ya koyi harshen ɗan'uwansa.

SAURAN AIKI NA MANYA NE

Gaskiya ce shekarun nan shekarun haƙuri ne. Sa'o'in yaro za su yi aure su yi mota shi yana fama da takardu, uban da ya tsufa a rumfa kuma yana jiran mai karɓarsa. A gida ga matsalar wuta da kuɗin intanet, wanda ya fita waje kuma ba lalle ne ya dawo ba. Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da 'ya'yan Kurmi, ita ce ta takardar shaidar asali. Yaron da aka haifa a Fatakwal ko Anacha, jihar da ya tashi a cikinta tana ganinsa baƙo wajen rabon tallafin karatu, jihar iyayensa kuwa sai ya sha wahala kafin a gane shi a ƙaramar hukumar da bai taɓa zama ba. Ta haka hazikai da yawa ke faɗawa tsakanin kujeru biyu na hukuma ba wanda ya san da su.

Saboda haka muna kira ga Sarakunan Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu, da shugabannin ƙungiyoyin masu albasa da hatsi da dabbobi, su san yaran unguwanninsu da suka gama jami'a da sakamako mai kyau, su tsaya musu wajen samun takardun asali, su kuma ware wani abu daga kuɗin ƙungiya. Abin da ke tsai da yaro a matakin farko ba shi da yawa: kwamfuta mai ƙarfi, da kuɗin jarrabawar Turanci, da fasfo, da kuɗin cika takardun nema. Hukumomin ba da tallafin karatu na jihohin Arewa su ma ya kamata su tuna suna da 'ya'ya a ƙetaren Kwara da Binuwai. Su kuma samari da 'yan mata masu digirin kwamfuta, kada su jira sai an kira su. Littafin a buɗe yake, bayanan kyauta ne, cututtukan kuma namu ne. Zuwa da kai ya fi aike. Allah Ya ba mai rabo sa'a.